Likita Mila: Baturen Da Ya Juya Labarin Bani Isra'ila Da Hausa, Ya Ƙare Kwanansa A Bukuru

Jama'armu mazauna kurmi, musamman waɗanda ke zaune kusa da barikin soja ko na 'yan sanda a Ikko da Badun da Fatakwal, sun saba jin waƙa da Hausa tana tashi daga majami'a ran Lahadi da safe. In ka leƙa ciki sai ka tarar mafi yawan masu waƙar ba Hausawa ba ne. Birom ne da Angas da Tarok da Katab da Tangale, kowa da harshen da ya tsotsa, amma littafin da ke hannunsu ɗaya ne, kuma da Hausa a ke karanta musu shi. A ciki su ke jin labarin yadda ganuwar Yariko ta rushe, da yadda Gidiyon ya kori rundunar Madayanawa da mutum 300, da yadda Dauda ya kā da Goliyat, wanda Musulmi su ka sani da Jalutu. Mutumin da ya fi kowa wahala wajen juya wannan littafi da Hausa shi ne Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, cikin shekarar 1952, yana da shekara 80.

An haife shi cikin 1872 a wani ƙaramin gari mai suna Honiton a yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke birnin Landan, da ya gama kuwa bai tsaya neman kuɗi ba, sai ya shiga ƙungiyar mishan ta cocin Ingila wadda a ke kira C.M.S. A zamanin nan labarin ƙasar Hausa ya cika kunnen Turawan mishan. Wani malaminsu, C. H. Robinson, ya riga ya shiga Kano cikin 1894, ya koma gida yana ba da labarin birni mai ganuwa da kasuwa da marina da mutane masu karatu da rubutu. Tun da ya ke hanyar Arewa ba ta buɗe wa Bature ba tukuna, sai a ka tura Mila da abokansa Turabulus su koyi Hausa a bakin fatake da alhazai da ke ratsa hamada. A can ya haɗu da wani yaro, Abdulmajid Tafida, wanda mahaifinsa ya rasu a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Yaron ya koya masa Hausa, daga baya kuma ya zama kamar ɗan cikinsa, su ka daɗe tare. Mila bai taɓa yin aure ba har ya mutu, saboda haka yaran da ya riƙa a gidansa su ne iyalinsa.

Cikin watan Janairu na 1900 su ka tashi daga Ikko su biyar, Bishof Tugwell ne jagora, da Mila, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin. Ku da ke hawa mota a Agege yau ku kwana ɗaya a hanya ku isa Kano, ku tuna su wata uku su ka yi, da ƙafa da doki da 'yan alaro. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da fara'a. Amma da su ka matsa su ka shiga Kano cikin watan Afrilu, Sarki Alu Babba bai ɓoye fushinsa ba. Ya nuna musu ba shi da bukatar makarantarsu ko maganinsu ko littafinsu, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Su ka juyo su ka sauka a Girku, kudu da Zariya, a nan Ryder ya kwanta ciwo ya mutu, sauran kuma su ka watse ɗaya bayan ɗaya. Gwamna Lugga ma bai ji daɗin tafiyar ba, domin a ganinsa sun yi gaggawa, sun zubar da girman Bature a gaban Sarki tun shi bai shirya sojansa ba.

To, a nan ne labarin ya fara ɗaukar hankali. Mila a lokacin saurayi ne mai zafin kai, ya ga cinikin bayi da idonsa, ya ga ƙauyukan da hari ya cinye, ya kuwa yanke hukunci a ransa cewa mulkin sarakunan Fulani shi ne katangar da ta tare masa hanya. Yana cikin masu fatan Turawa su zo da ƙarfi su ture su, yana tsammanin da zarar an yi haka talakawa za su sheƙo wurinsa. Ƙarfin kuwa ya zo. Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Kanar Morland su ka fasa ƙofar Kano da igwa, cikin watan Maris Sakkwato ta faɗi, a ka kama Alu a ka kai shi zaman gudun hijira, daga bisani ya rasu a Lakwaja. Mai karanta littafin Joshuwa zai iya cewa ga Yariko ta faɗi. Amma da Lugga ya tsaya a Sakkwato sai ya yi wa sarakuna alkawarin gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba, kuma bisa wannan alkawari Razdan-Razdan su ka riƙa hana 'yan mishan zama a garuruwan Musulmi shekaru da yawa. Watau ganuwar da Mila ya ke so ta faɗi ta faɗi, waɗanda su ka rushe ta kuwa su ne su ka gina masa wata sabuwa a gabansa.

Shi kaɗai ya sami kafa, saboda tsohuwar sanayya da ke tsakaninsa da fadar Zazzau da kuma Lugga kansa. Cikin 1905 ya shiga birnin Zariya ya zauna a unguwar Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Ya yi shigar Hausawa, riga da rawani, Hausarsa kuwa ta kai inda malamai ke zama su yi muhawara da shi. Yana cikin waɗanda su ka matsa wa Lugga a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen boko maimakon ajami a ayyukan gwamnati, saboda haka ko wannan shafi da ku ke karantawa yana da ɗan hannu a cikin kamanninsa. Sai dai zamansa da Sarki Aliyu Ɗan Sidi bai yi daɗi ba. Ɗan Sidi malami ne, mawaƙi, mai kishin sarautarsa, Mila kuwa ba ya ganin abin da ya ɗauka zalunci ne ya yi shiru. Kullum takardarsa na teburin Razdan. Da a ka tuɓe Ɗan Sidi cikin 1920 a ka kai shi Lakwaja, Zazzagawa da yawa sun ɗora wa Likita wani kaso na laifin, kuma wannan tabo bai goge ba. A ganina mutum ne mai gaskiya a abin da ya gani, amma mai taurin kai, wanda bai iya bambanta laifin sarki ɗaya da addinin jama'a duka ba sai da girma ya zo masa.

Ta wajen wa'azi kuwa, gaskiya ita ce shekarunsa na farko a Zariya kamar shuka a kan dutse su ka kasance. Mutane na zuwa karɓar magani, su gode, su koma masallacinsu. 'Yan tsirarun da su ka bi shi ana iya ƙirga su da yatsu. Ana cikin haka, cikin 1913, sai ga wasu samari sun zo ƙofar gidansa da wani labari wanda ko a mafarki bai zata ba.

Asalin labarin a Kano ya ke. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da su ka yi maganar Annabi Isa, har ya riƙa ba shi wani matsayi wanda malaman fada su ka ga ya wuce gona da iri. Ya tara almajirai, a ka kira shi ya janye, ya ƙi, a ka kashe shi a kasuwar Kano wajen shekarar 1867. Almajiransa su ka watse, wasu su ka nufi duwatsun Ningi, wasu su ka ɓuya a ƙauyukan gabashin Zazzau. Ana kiransu Isawa, ana kuma kiransu Bani Isra'ila. Da Alƙur'ani su ke karatu, amma sun riƙe wasiyyar malaminsu cewa wata rana wasu za su zo da cikakken labarin Annabi Isa. Shekara arba'in da 'yan kai su na jira, tsofaffi na mutuwa su na bar wa 'ya'ya maganar.

Ningi ɗin da su ka fake a cikinta ma abin a tsaya a duba ce. Wasu malamai ne daga Tsakuwa ta ƙasar Kano, a ƙarƙashin Malam Hamza, su ka yi gardamar haraji su ka gudu cikin duwatsu wajen 1846, su ka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen wurin. Fiye da shekara hamsin Kano da Bauchi da Zazzau na kai musu yaƙi ba su ci su ba, su ne ma ke saukowa su kai hari su koma. Mutanen da su ka tashi a irin wannan wuri, 'yan kaɗan a kan dutse da manyan runduna a ƙasa, ba sai an yi musu dogon bayani ba in an karanta musu labarin Isra'ilawa da Filistiyawa.

Mila ya ɗauki zuwan Isawa a kan amsar addu'arsa ta shekara goma sha uku. A ka samar musu fili a Gimi, a ƙasar Zazzau, su ka taru su ka kafa gari, da gonaki da makaranta da majami'a, wani baƙar fata ɗan tsibiran Amurka, Rabaran W. A. Thompson, ya zauna tare da su. 'Ya'yansu su ka cika makarantar Mila a birni. Sai dai murnar ba ta daɗe ba. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Ciwon barci ya shiga garin ya riƙa ɗauke mutane gida gida, manya da yara, cikin 'yan shekaru kaɗan Gimi ta zama kufai. Ga likita da kansa, ga mutanen da ya kira su zo, ga shi ba shi da maganin da zai ba su. Waɗanda su ka tsira su ne daga baya su ka zama tushen jama'ar Wusasa.

Wusasa kanta ba da son Mila a ka kafa ta ba. Gwamnati da fada sun daɗe su na so mishan ta fita daga cikin birni, sababbin 'yan mishan irin su Guy Bullen kuma su ka ga gara a fita a sami sarari. Cikin 1929 a ka ƙaura zuwa gindin dutsen Wusasa, a ka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa irin ginin Hausawa, da makaranta da asibiti. Mila ya ga an rushe aikin shekara 24 na zama cikin mutane. Ya tattara takardunsa ya koma Kano, garin da a ka kore shi yana saurayi, ya zauna ya ƙarasa aikin da zai fi kowane daɗewa bayansa.

Ba shi ne farkon mai juya littattafan Kirista da Hausa ba. Wani Bajamushe, J. F. Schön, ya fara tun wajen 1857 da taimakon Dorugu, yaron da ya bi Barth zuwa Turai, amma Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, Hausarsa kuwa sai a hankali. Da ƙungiyoyin mishan su ka yi taro a Lakwaja cikin 1910 su ka ga wajibi ne a sami littafi ɗaya wanda kowa zai yi aiki da shi. A ka kafa kwamiti, a cikinsa har da Likita Andrew Stirrett na S.I.M., mutumin Kanada, wanda a ke kira Bature Mai Magani, shi ma a Jos ya rasu cikin 1948. Amma nauyin aikin a wuyan Mila ya ke, shi da almajiransa Hausawa waɗanda ya ke zama da su ana tankaɗe kalma ɗaya ɗaya. Cikin 1932 a ka buga Littafi Mai Tsarki cikakke a Landan, daga Farawa har Ru'ya ta Yohanna.

Abin da ya sauƙaƙa masa, Hausa ta riga ta san mutanen littafin. Ba sai ya ƙirƙiro suna ga Ibrahim ko Musa ko Haruna ko Dauda ko Sulemanu ba, ga Attaura da Zabura da Linjila duk a bakin almajirai. Ko labarin yaƙin ma ba baƙo ba ne, domin a cikin Suratul Baƙara akwai Ɗalutu da rundunarsa, da jarrabawar da a ka yi musu a bakin kogi, da yadda 'yan kaɗan ɗin da su ka daure su ka ci nasara, Dawuda ya kashe Jalutu. Kayan yaƙin kuma duk na gida ne. Garu da ƙofa, ƙaho da garkuwa, sulke da kwalkwali, majajjawa irin ta yaran da ke korar tsuntsu a gona, duk Bahaushen 1932 ya san su, wani ma ya yi yaƙi da su.

To, mene ne a cikin waɗannan labarai da ya sa masu littafin ke maimaita su? Wanda ya karanta da natsuwa zai lura ba a rubuta su don a yabi jarumi ba. A Yariko ba a ce Isra'ilawa sun haƙa rami ko sun kafa tsani ba. Kwana shida su na kewaya garin sau ɗaya ɗaya, firistoci bakwai na busa ƙahon rago, ran na bakwai su ka kewaya sau bakwai, su ka yi ihu, garu ya zube. Gidiyon ya tara mutum 32,000, a ka ce sun yi yawa, masu jin tsoro su ka koma gida saura 10,000, a ka sake tace su a bakin ruwa saura 300, makamansu kuwa ƙaho da tulu da jiniya. Littafin ya faɗi dalili a fili, don kada Isra'ila ta yi fahariya ta ce hannunta ne ya cece ta. Har wa yau, bayan Yariko nan da nan sai ga labarin Ai, ɗan ƙaramin gari, inda a ka fatattaki Isra'ilawa a ka kashe musu mutum 36 saboda ɗayansu, Akan, ya saci ganima ya binne a cikin alfarwarsa. Marubutan ba su ɓoye wannan abin kunya ba, sun ajiye shi daf da labarin nasara.

Sa'an nan ga al'adar kafa dutse. Da su ka haye Kogin Urdun, Joshuwa ya sa mutum goma sha biyu, ɗaya daga kowace kabila, su ɗauko duwatsu daga tsakiyar kogin a jera su a Gilgal, domin in 'ya'ya sun taso sun tambayi ma'anarsu, iyaye su ba su labari. Annabi Sama'ila ma, bayan an kori Filistiyawa a Mizfa, ya kafa dutse ya sa masa suna Ebenezer, watau dutsen taimako. Ku da ke kurmi kun sha ganin wannan suna a goshin motocin haya da allon shaguna da majami'u, to ga asalinsa. Zabura ta 78 da ta 136 kuma jerin irin waɗannan abubuwa ne a ka mayar waƙa don kada a manta. Manufar duka ɗaya ce, mutum in ya shiga matsi ya waiwaya ya ga inda Allah Ya fisshe shi a da, ya san alkawari bai tashi ba.

Inda littafin ya sami kasuwa shi ne abin mamaki. Mila don malaman Kano da Zariya ya yi shi, shi ya sa ya cika shi da zurfafan kalmomi masu asali da Larabci. Su kuwa ba su kula shi ba. Waɗanda su ka rungume shi su ne mutanen kan dutse, waɗanda Hausa a gare su harshen kasuwa ce da bariki. 'Yan mishan na S.U.M. sun sauka a Wase tun 1904, C.M.S. ta buɗe Panyam cikin 1907 da Kabwir cikin 1910, S.I.M. kuma ta mai da Jos hedkwatarta. Harsunan Filato sun yi yawa, ba mai iya juya littafi da kowannensu, ga kuma haƙar kuza ta tara leburori daga ko'ina ta sa Hausa ta zama harshen kowa, musamman bayan da ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos da Bukuru cikin 1914. Saboda haka da littafin 1932 ya fito sai ya tarar da masu jiransa. Da shi a ka yi karatu a makarantar Gindiri da a ka buɗe cikin 1934, da shi fastocin farko na S.U.M. a wannan yanki, Toma Tok Bot da Bali Falang da David Lot, waɗanda a ka naɗa cikin 1938, su ka yi wa'azi. Mutane da yawa a ƙauyukan Filato a cikinsa su ka fara haɗa baƙi.

Su ma kamar mutanen Ningi, labarin ya zo daidai da abin da kakanninsu su ka ba su. Dawakin Bauchi da na Zazzau sun yi ta kewaya gindin dutsen Filato cikin ƙarni na 19, wasu ƙabilu su ka yi amana su na ba da gandu, amma tsakiyar dutsen ba a ci shi ba har zuwan Turawa. Birom da Mwaghavul da Ron na da 'yan ƙananan dawakinsu da su ke hawa ba sirdi, ga shingen ƙyarana kewaye da gidaje. Jikan waɗannan mahaya in ya ji labarin Gidiyon, nasa ya ke ji.

A nan kuma haɗarin ya ke, ba kuwa zan tsallake shi ba. Tun daga rikicin 7 ga Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na 2010 wanda ya ci Bukuru da Kuru Karama da Dogo Nahawa, Jos ta ga jini wanda tsofaffinta ba su taɓa zaton za su gani ba, unguwanni su ka rabu, wannan ta Musulmi wannan ta Kirista. A irin wannan lokaci ba a rasa mai ɗauko littafin Joshuwa ya mai da kansa Isra'ila ya mai da maƙwabcinsa Bakan'ane, kamar yadda a ɗaya ɓangaren ba a rasa mai ɗauko labarin Badar ya mai da maƙwabcinsa Abu Jahil. Wanda ya yi haka ya ɗauki Yariko ya bar Ai, ya ɗauki takobin Gidiyon ya manta an sallami mutum 31,700 daga rundunarsa. Hasali ma harshen da a ke karanta labarin da shi a majami'un Jos harshen maƙwabcin nan ne, kalmomin kuwa da yawansu daga bakin malaman Zariya a ka ɗebo su.

Mu koma kan Likita. Cikin 1935 ya ajiye aikin C.M.S. ya koma Ingila, amma zaman bai yiwu ba, domin ya fi shekara talatin rabonsa da zama Bature sosai. Ya rubuta littafin tarihin aikinsa cikin 1936, sa'an nan ya komo Nijeriya a kan kansa, ba a ƙarƙashin kowace ƙungiya ba, ya zauna a Kano, daga baya ya hau Filato ya sauka a Bukuru. A shekarun nan alƙalaminsa ya juya kan 'yan'uwansa Turawa. Cikin 1947 ya fitar da wani littafi wanda sunansa kansa tambaya ce, ko Ingila ta kāsa a Nijeriya. Ya soki mulkin En'e, ya ce Turawa sun jingina da sarakuna sun bar talaka cikin jahilci da cin hanci da danniya, sun kuma hana Arewa ilmin zamani da gangan har kudu ta yi mata nisa. Abin dariya, maganganun tsohon ɗan mishan sun zo kusan ɗaya da waɗanda samarin Musulmi irin su Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano su ka tashi da su a daidai wannan lokaci. Mu da ke zaune a kudu mun san ciwon wannan rata ta ilmi, domin mun gan ta a ofis da kotu da asibiti.

Makarantar da ya dasa kuwa ta yi 'ya'ya fiye da girmanta. Daga cikinta Likita R. A. B. Dikko ya fito, ɗan Arewa na farko da ya zama likitan zamani, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta, sunansa ne a kan babban asibitin Barau Dikko na Kaduna. Daga cikinta John Tafida ya fito, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Bayan Mila ya bar Zariya, Wusasa ta yaye Farfesa Ishaya Audu, jinin Isawan nan da ciwon barci ya bari, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe Ministan Harkokin Waje daga 1979 zuwa 1983. Haka kuma wani mai wa'azi Ba'angashe daga Lur ta ƙasar Pankshin, Yohanna Gowon, ya ƙaura da iyalinsa zuwa Wusasa, a can ɗansa Yakubu ya girma ya yi makaranta, shi ne ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975.

Mila bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan manyan muƙamai ba, in ban da likitancin Dikko da shugabancinsa na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Ya tsufa a Bukuru cikin sanyin Filato, tsakanin tudun ƙasar da injin kuza ya tara da kududdufan da ya bari, almajiransa na dā su na hawowa daga Zariya da Kaduna su gaishe shi. Ya rasu ran 27 ga Agusta 1952, saura shekara takwas Nijeriya ta sami mulkin kai. Littafinsa ya yi shekara 47 shi kaɗai a fage, sai cikin 1979 a ka fitar da sabuwar fassara da Hausa mai sauƙi, domin jikokin waɗanda su ka fara karanta shi sun ce Hausar Likita ta yi musu zurfi.